Rediyon motar Baba yana kawo wuta amma ba ya magana

Wani matashi daga Sabon Zango, nan Kumasi, ya aiko mini da tambaya. Ya ce mahaifinsu, Allah ya jiƙansa, ya bar musu Peugeot 504, ta daɗe a bayan gida lulluɓe da tamfol. Bana ya tayar da ita: inji ya tashi, an gyara birki, an sa tayoyi, saura rediyo. Blaupunkt ne, an rubuta Frankfurt a fuskarsa, da maɓallai biyar a jere. In an murɗa, fitilar ciki tana kamawa, amma ko tari ba ya yi. Mai wayarin da ya kai wa a Suame Magazine ya ce a cire a jefar, a ɗan yanka dashbod a sa na zamani mai Bluetooth. Shi kuwa hankalinsa bai kwanta ba, don a wannan rediyo ya taso yana jin labarai a gefen Baba. Ya ce ko zai gyaru?

Ɗana, Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Zai gyaru in sha Allahu, kuma ina roƙonka kada ka bari a kusanci dashbod ɗin nan da zarto. Ƙarfen da aka yanka ba ya komawa yadda yake, kuma ramin rediyon zamani, mai faɗin milimita 180 da tsayin 50, ba shi ne aka yi wa motocin da rediyonsu ke da sanduna biyu ba. Ban ga laifin mai wayarinka ba. Aikinsa janyo waya ne da gyaran sitata da altaneta, kuma abin da ya saba shi ya faɗa maka. Amma ni na fi shekara talatin ina buɗe cikin irin waɗannan akwatuna a Aboabo, kuma abin da na gani shi ne, rediyo da yawa da ake kawo mini ana cewa ya mutu, lafiyarsa lau. Ciwon yana waje: a waya, a lasifika, a eriya. Saboda haka daga waje za ka fara, murfi shi ne na ƙarshe.

Fitilar da kake gani tana kamawa ba ta shaidar komai illa cewa wuta ta isa ƙwan fitila. Nemi mita, wato na'urar auna wuta, ka auna wayar da ke kawo wuta a bayan rediyon. Inji a kashe, batir mai lafiya zai ba ka wajen bolt 12.6, inji a tashe, tsakanin 13.8 da 14.4. Sai ka bi wayar ka nemo fis ɗinta, wanda yakan zauna cikin ɗan kwanson roba. Ko bai ƙone ba, cire shi ka kankare bakinsa, don motar da ta sha damina da yawa a tsaye, bakin fis ɗinta yakan yi kore. In ka tarar wani ya naɗa masa zaren waya ko takardar sigari, cire ka sa fis na gaskiya, ƙarami, kamar na amfiya 2 ko abin da aka rubuta a jikin rediyon. Daga nan ka duba inda jikin rediyon ke haɗuwa da ƙarfen mota, domin ta nan wutar ke komawa batir. Tsatsa a wurin nan tana iya barin fitila ta kama amma murya ta ƙi fita daidai. Goge shi da sandfefa har sai ƙarfe ya yi fari, ka ɗaure tam.

Motarka bolt 12 ce, kuma negatif ne a jikin ƙarfenta, don haka ba ka da matsala ta wannan fuska. Amma zan faɗa saboda masu karatu da ke da wasu motocin. Tsofaffin motocin Ingila da suka cika ƙasar nan a da, irin su Morris da Austin da Land Rover na kafin 1967, fozitif ne a jikin ƙarfensu. Volkswagen Beetle kuma bolt 6 ce har zuwa 1966, wasu ma har bayan nan. Shi ya sa rediyoyi da yawa na shekarun 1960 ke da ɗan makunni ko toshe a gefe ko a ƙasa, inda ake zaɓar 6 ko 12, ƙari ko ragi. Ina yaron shago, wani dattijo ya kawo rediyon Land Rover ɗinsa. Na ɗauka na jona a batir yadda na saba, ja a ƙari, jiki a ragi, ban duba ba. Kafin in ɗauke hannu wari ya tashi. Maigidana bai daka mini tsawa ba, sai ya sa ni zama na cire taransistocin da na ƙona da hannuna, ya kuma sa na je na gaya wa mai rediyon abin da ya faru da bakina. Tun daga ranar ban ƙara jona wani tsohon rediyo ba sai na karanta abin da ke jikinsa.

In wuta ta tabbata, koma kan lasifika, don ita na fi zargi a motar da ta daɗe a ajiye. Takarda ce, ga zafin rana, ga laimar Kumasi, ga ɓeraye. Zare wayoyinta biyu daga bayan rediyon, ka ɗauki batir ɗin tocila guda ɗaya mai bolt 1.5 ka taɓa su a kansa ka ɗauke. Lasifika mai rai za ta yi ƙwas. In ba ta yi ba, ko waya ta tsinke a hanya ko ita kanta ta mutu. A mita, mai om 4 (om shi ne ma'aunin yadda take tare wuta) takan nuna uku da ɗoriya. In za ka sauya, nemi mai om 4, guda ɗaya tak. Kada ka yarda a haɗa maka biyu a kan waya ɗaya don murya ta ƙaru. Om 4 biyu in an haɗa su kafaɗa da kafaɗa sun koma om 2, kuma taransistocin murya na wancan zamanin ba za su ɗauki nauyin ba. Haka nan kada ka bar bakin wayoyin lasifika su taɓa juna ko ƙarfe rediyo yana kunne.

Yanzu ga abin da ba kowa ya sani ba, kuma shi ya sa na ce ka dakata da jefarwa. Juya rediyon ka dubi bayansa. Blaupunkt da Becker na waɗannan shekaru yawanci suna da wani zagayayyen soket mai ƙananan ramuka, wanda aka yi don jona na'urar kaset. In ba a jona kaset ba, akwai ɗan toshe na roba da ke zama a ciki. Mutane suna ɗauka murfin ƙura ne, alhali a cikinsa akwai ɗan ƙarfe da ke haɗa ramuka biyu, kuma ta wannan gada sauti ke ƙetarewa daga sashen kama tasha zuwa sashen murya. Toshen ya faɗi, rediyo ya yi gum: fitila tana ci, allura tana tafiya, babu magana. Wannan shi ne daidai abin da ka kwatanta mini. Mai yiwuwa Baba ya taɓa sa kaset a motar, daga baya aka cire, toshen kuma ya ɓata. Na sha karɓar rediyon da aka yi shekaru ana ce masa matacce, na lanƙwasa ɗan guntun waya na sa a ramukan da suka dace, ya buɗe baki nan take. Sai dai kada ka yi ta cusa waya kana gwadawa, domin ramukan sun bambanta daga samfuri zuwa samfuri, kuma a wasu akwai wuta a ɗaya daga ciki. A bi lambar rediyon a nemo zanen wayoyinsa tukuna.

Eriya ba ta da wuyar gwaji. Zare filoginta, ka sa bakin waya mai tsawon kamar mita ɗaya a tsakiyar ramin. In tasha ta shigo, to eriyar motar ce ko igiyarta. Ruwa yakan bi sandar ya taru a gindinta ya ci ƙarfen. Amma lura: rediyon da eriyarsa kaɗai ta lalace ba ya yin shiru ɗungurungum, yakan yi shuu in ka ƙure murya. Shiru tsit, ba ko huci, ya fi nuna lasifika, ko toshen nan, ko sashen murya.

Kuma ka tabbata maɓallin da ya dace ka danna. Haruffan na Jamusanci ne: L dogon zango, M matsakaicin zango, K gajeren zango, U kuwa shi ne FM. Lokacin da aka ƙera rediyon nan, babu wannan tarin tashoshin FM a Ghana. Masu zaman kansu sai tsakiyar shekarun 1990 suka fara, Joy FM ta Accra a 1995. Iyayenmu a M da K suke rayuwa. K ɗin irin wannan rediyo yawanci mita 49 kaɗai yake kamawa, kuma a nan ne Rediyon Kaduna take a da, a kan 6090, inda mutanen Zango ke jin gida. Yau in ka danna M da rana ka ji ba kowa, ba ciwo ba ne, gidajen ne suka tashi. Da dare kan ji na nesa suna shigowa. Danna U ka nemi Zuria FM a 88.7. Dubi kuma inda lambobin fuskar suka tsaya. Da yawa daga rediyoyin Turai na lokacin a 104 suka ƙare, ba 108 ba, don haka Nhyira da ke 104.5 tana iya kasancewa a bayan katanga. Haka aka ƙera shi. Kada wani ya ce zai ja maka shi ya kai 108 ta hanyar murɗe-murɗe, garin neman gira a rasa ido.

To, in duk wannan ya wuce bai yi magana ba, sai a sauke shi a kai tebur. Kafin ka zare komai, cire kan batir na negatif, ka ɗauki hoton bayan rediyon da wayarka. Maɓallan murɗawa janye su ake yi, a bayansu akwai noti a kan kowace sanda, sannan yawanci akwai ƙarfe ɗaya da ke riƙe shi ta baya. Fuskar da gilashin lambobi ka naɗe su a tsumma ka ajiye gefe. Kada ka wanke gilashin ta ciki, ko da ruwa ne, domin rubutun yana iya bin tsumma ya tafi, kuma wannan ba ya dawowa.

A kan tebur ba na jona tsohon rediyo kai tsaye a batir. Nakan sa ƙwan sigina na mota, mai wat 21, a tsakanin batir da wayar wuta. In rediyon lafiya, ƙwan zai ɗan yi ja kaɗan ko ma ya ƙi kamawa. In ya haska fau, akwai inda wuta ke gudu a ciki, kuma ƙwan ya tare ta kafin ta yi ɓarna. Dabara ce mai arha da ta ceci rediyo da yawa a hannuna.

Da ka buɗe murfi, fara da hanci da ido. Warin ƙuna, ƙwan kyankyaso, kashin tsaka, jar ƙurar hunturu da ta haɗu da laima ta zama laka, ko farin tabo inda ruwan da ya bi ta robar gilashin gaba ya ɗiga. Share da busasshen buroshi mai laushi. Sannan ga gwajin da ke raba gardama: rediyo a kunne, lasifika a jone, riƙe ƙarfen ƙaramar sukundireba ka taɓa ƙafar tsakiya ta abin ƙara murya. In ka ji guuu a lasifika, sashen murya yana da rai, ciwon yana gaba, wajen kama tasha. In shiru, ciwon yana nan baya. Wannan a rediyon taransista kawai ake yi. Wanda ke da na kafin nan, mai bawul na gilashi, irin wanda ke yin zuuu in an kunna kuma sai ya ɗumama kafin ya yi magana, kada ya sa hannu a ciki. Duk da batir ɗin mota ne ke ba shi wuta, a cikinsa ana ɗaga ta ta haura bolt 200.

Abin da ya fi mutuwa a ciki shi ne kafasita, waɗannan ƙananan gwangwanaye da mu tsofaffi muke kira kondensa. Akwai ɗan ruwa a cikinsu, kuma shekara arba'in ko hamsin a dashbod mai zafi ta isa ta busar da shi. Alamarsu murya ƙasa-ƙasa, ko gurnani, ko bugu kamar injin nika, ko shiru. Sauya su ba tsada, kuma ana samunsu a shagunan kayan lantarki na Adum, ko Zongo Lane in kana Accra. Ƙa'ida ita ce lambar ƙarfin ta zama daidai da ta tsohuwar ko kusa, lambar bolt kuma daidai ko sama. Mai bolt 25 ta wadatar a yawancin wurare. Ɗaya bayan ɗaya ake yi: ka cire guda, ka sa guda, ka gwada. Wanda ya tsige su duka a lokaci ɗaya ya zube a faranti, shi ke yin gyaran gangar Auzinawa. Kowace tana da ƙafar ƙari da ta ragi, kuma kada ka yi zato, bi yadda tsohuwar take zaune, domin allunan zamanin jamaniyom sukan zo da tsari saɓanin wanda yaran yanzu suka saba gani.

Jamaniyom ɗin nan shi ne abin da aka yi taransistocin farko da shi kafin silikon, kuma ba ya jure zafi. In ka ga masu lamba ta fara da AD ko AC ko AF, su ne. A sashen murya an fi samun AD161 da AD162, tagwaye ne, a ɗaure a jikin ƙarfe don su sha iska. In ɗaya ya mutu a sauya su tare, kuma in akwai ɗan siririn faifai a ƙarƙashinsu a mayar da shi, don shi ke hana su taɓa jiki. Wajen liƙi, a riƙe ƙafar da filaya don zafin dalma kada ya hau ciki. Akwai kuma dangin AF114 zuwa AF117, waɗanda suka fi yawa a rediyoyin Ingila irin su Radiomobile. Su wani ciwo gare su mai ban mamaki: siraran gashin kuza suna tsirowa a cikin kwansonsu har su taɓa inda bai kamata ba. Ka ɗan ƙwanƙwasa shi rediyo ya farka, ka bari ya koma barci. Yanke ƙafar kwanson yakan dawo da shi na ɗan lokaci, amma maganin gaskiya a sa AF124 zuwa AF127 a madadinsu.

Ƙarar ƙarr-ƙarr in ana murɗa murya, da maɓallan da ba sa kamawa sai an jijjiga, datti ne kawai. Akwai feshin da aka yi musamman don wanke mahaɗar lantarki, shi za a ɗiga kaɗan a yi ta murɗawa. Ban da fetur, ban da man birki, ban da baƙin mai. In allura ta ƙi tafiya, tsohon giris ne ya daskare. A goge shi da sifirit a sa sabo ɗan kaɗan, kada a tilasta.

Abin da nake roƙon duk wanda zai taɓa shi ya bari, su ne ƙananan sukurori da ke cikin gwangwanaye masu kusurwa huɗu, wasu da ɗigon kakin zuma ko fenti a kansu. Yaro in ya gan su sai ya ɗauka sun kwance ne ya ɗaure. Ba su kwance ba. Saiti ne da aka yi a masana'anta da na'urori, kuma abin da ke cikinsu baƙin dutse ne mai saurin fashewa. Rediyon da kafasitarsa ta bushe aikin yini ɗaya ne. Wanda aka murɗe wa waɗannan, sai mai janaretan sigina da haƙuri, kuma irinsu sun yi ƙaranci a garin nan. Sukuru ɗaya ne aka yarda mai mota ya taɓa, shi ne na daidaita eriya, wanda yakan kasance kusa da ramin eriya ko a bayan fuska. Bayan an mayar da rediyon mota, a zaro eriya duka, a danna M da dare, a nemi tasha mai rauni wajen 1400, a juya shi a hankali har murya ta fi ƙarfi. FM ba ruwanta da shi.

In ya yi magana amma da ka tayar da inji sai hayaniya, saurari irinta. Kuka mai tashi da sauka tare da totur daga altaneta ne. Tas-tas-tas mai bin bugun inji daga fulogi ne da wayoyinsa. Na farko ana sa masa kondensa a altaneta ko matata a wayar wuta. Na biyu wayoyin fulogi masu hana ƙara, da kondensa a kwayil, a ƙafar da wuta ke shigowa daga makulli, ba wadda ke tafiya distiributa ba. Kafin ka kashe ko sidi ɗaya, zare cajar waya daga ramin sigari ka ji. Ƙananan cajojin nan masu arha da ƙwayayen LED suna watsa hayaniyar da kan rufe tasha ɗungum.

Maganar Bluetooth kuwa, ba sai an yanka komai ba. Soket ɗin nan na baya da na ambata ƙofa ce a buɗe. Ana jona masa ƙaramar na'urar Bluetooth a ɓoye ta a bayan dashbod, da ɗan makunni na zaɓar rediyo ko waya, sai ka ji karatu ko wa'azi daga wayarka ta cikin rediyon Baba. Tunda lasifika ɗaya ce, a haɗa hagu da dama ta kan rezista biyu, kada a murɗe su tare kai tsaye. In kuma ranka na son kiɗa mai ƙarfi, a sa na zamani cikin akwatin dashbod ko ƙarƙashin kujera da nasa lasifikokin daban, a bar wannan a mazauninsa.

In za ka kai wa mai gyara, nemi dattijon da ya yi zamanin rediyo da talabijin mai ƙwai, ba mai gyaran wayar hannu ba. Ka tambaye shi me zai fara dubawa; in ya ce sai ya sake saiti tun bai auna komai ba, ɗauki kayanka. Ku yi ciniki kafin ya fara, ka ce ya ajiye maka duk abin da ya cire. In ka shiga Magazine ka ga irinsa a cikin tarkace, ko ya mutu ka saya, don maɓallai da gilashin fuska da toshen baya ba a ƙera su kuma.

Yanzu dai ka fara da abu uku: gwada lasifika da batir ɗin tocila, leƙa bayan rediyon ka ga ko toshen yana nan, sannan ka kwafo mini lambar da ke kan takardar da aka manna a gefensa. Da wannan lambar zan gaya maka ramukan da za a haɗa.